Maserati 250F da Fangio: yadda rabin tankin mai ya ci tseren Jamus na 1957

Ranar Lahadi 4 ga Agusta, 1957, a ƙarshen zagaye na 12 cikin 22, wata jar mota mai lamba 1 ta shigo rumfar makanikan Maserati a filin tsere na Nürburgring da ke Jamus ta Yamma. Direbanta Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina mai shekara 46, ya ba na bayansa ratar kusan daƙiƙa 30. Shirin da aka yi shi ne a zuba mai, a canza tayoyin baya biyu cikin wannan ratar, ya koma titi tun abokan hamayya ba su yi nisa ba. Sai aka yi rashin sa'a. Notin da ke riƙe tayar baya ta hagu ya gangara ƙarƙashin motar, makaniki ya shiga lalube, tsayuwar ta ci fiye da daƙiƙa 50. Da aka haɗa da lokacin rage gudu, da tashi daga tsaye, da nauyin sabon mai, zuwa ƙarshen zagayen da ya biyo baya Mike Hawthorn da Peter Collins, 'yan Ingila biyu masu tuƙa Ferrari, sun ba shi tazarar kusan daƙiƙa 50.

Duk da haka Fangio ne ya ci tseren, da ratar daƙiƙa 3.6. Masu ba da labarin sun fi son tsayawa kan jarumtar mutumin, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai ƙirar motar ce ta tilasta tsayuwar tun farko, ita ce kuma ta bar shi ya matsa mata har inda ya matsa ba ta watsar da shi cikin daji ba. Saboda haka daga motar za mu fara.

Motar da aka ƙera har da niyyar sayarwa

A 1954 dokar gasar Formula 1 ta sauya: injin da ba shi da na'urar cusa iska kada ya wuce lita 2.5. Kamfanin Maserati na birnin Modena a Italiya, wanda iyalan Adolfo Orsi suka saya a 1937, yana da mota mai lita 2 da ake kira A6GCM, wadda Fangio ya ci tseren Monza ta Italiya da ita a 1953. A kanta aka ɗora sabuwar. Gioacchino Colombo, wanda ya yi aiki a Alfa Romeo da Ferrari, da Vittorio Bellentani suka fitar da tsarin injin, Valerio Colotti ya yi aikin firam da giyabos, Medardo Fantuzzi kuma ya buga bodin alminiyam da hannu. Daga baya Giulio Alfieri ya karɓi ragamar gyare-gyarenta. Sunan ma bayani ne: 250 na nufin lita 2.5, harafin F kuma Formula.

Mercedes ba ta sayar wa kowa motar tserenta. Maserati kuwa duk mai kuɗi zai iya zuwa Modena ya saya, ya kuma riƙa samun kayan gyara daga masana'anta. Haka Stirling Moss, wani direba ɗan Ingila, ya yi a 1954. Alfred Neubauer, shugaban tawagar Mercedes, ya ce ba zai ɗauke shi ba sai ya ga abin da zai iya yi da mota mai ƙarfi, sai aka saya masa 250F mai lambar shasi 2508 kan kimanin fam 5,500, ya zo na uku da ita a Beljiyam. Wannan niyyar kasuwanci ta shiga cikin ƙirar. Motar da mutum zai tafi da ita da makaniki ɗaya ko biyu dole ta kasance mai sauƙin kwancewa da haɗawa, ba irin W196 ta Mercedes ba mai silinda 8, da feshin mai kai tsaye cikin silinda, da bawul marasa sifirin, wadda sai runduna guda ta injiniyoyi ke iya kula da ita.

Injin 250F silinda 6 ne a jere. Faɗin kowace silinda milimita 84, tafiyar fistan milimita 75, jimlarsu ta tashi cc 2,493. Kamshaf biyu ne a kan injin, ɗaya na bawul ɗin shigar mai, ɗaya na fitar hayaƙi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, maganeto biyu ke ba su wuta. Dalilin haka shi ne silinda mai faɗi da fistan mai tudu a ka tana sa wuta ta yi doguwar tafiya kafin ta cinye cakudar, amma idan ta kama daga gefe biyu ƙonewar ta fi sauri. Akwai kuma riba ta biyu: in maganeto ɗaya ya mutu injin ba ya tsayawa, ƙarfi ne kawai ke raguwa. Kabureta uku ne na Weber, kowanne da maƙogwaro biyu, wato kowace silinda tana shaƙa ta nata maƙogwaron ba ta ƙwacen iskar maƙwabciyarta. Da farko injin yana ba da ƙarfin doki kimanin 240 a juyi 7,200 a minti. Zuwa 1957 ya kai wajen 270 a juyi 8,000. A wannan juyin, matsakaicin gudun fistan mita 20 ne a daƙiƙa, kuma ga ƙarafan wancan zamani iyaka ce da ba a wasa da ita.

Ba fetur zalla take sha ba. Kusan rabin cakudar metanol ne, wani nau'in barasa mai guba da ake ƙonawa, sauran kuma fetur da asiton da benzol da ɗan man zurma don santsi. Metanol yana sanyaya cikin silinda, yana jure matsi mai yawa ba tare da injin ya yi ƙwanƙwasa ba, shi ya sa aka iya matsa cakudar har kusan ninki 12. Kuɗin da ake biya shi ne sha. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tsaf, metanol kuwa kilo 6.4 kawai, ƙarfin da ke cikinsa kuma kusan rabin na fetur ne. Saboda haka sai an buɗe ramukan kabureta sosai, sai kuma an ɗauki mai da yawa. Tankin asali yana cin kimanin lita 200, kuma shi ne jelar motar gaba ɗaya, a bayan direba, a bayan tayoyin baya. A riƙe wannan, domin a kansa lissafin Nürburgring ya tsaya.

Gaban motar hannuwa biyu ne kowane gefe da sifirin mai naɗi. Bayan ne ya fi ban sha'awa. An haɗa giyabos da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyi wuri guda, aka ɗaure su a jikin firam ta baya. Tayoyin biyu kuwa wani bututu mai kauri ne ya haɗa su, wanda ake kira De Dion, sifirin mai falle-falle yana kwance a gicciye a samansu. Amfanin wannan tsari shi ne tayoyin suna tsayawa a miƙe a kan kwalta ko da motar ta karkata a kwana, kuma nauyin giyabos ba ya tsalle tare da su a kan gargada. Colotti ya bi da bututun ta gaban giyabos maimakon ta bayansa, don nauyi ya ƙara matsowa tsakiya. Da injin a gaba, giyabos a baya, nauyin ya rabu kusan daidai, kuma daga nan ne halin da direbobi suka fi yaba mata ya fito: idan baya zai zame, yana zamewa ne sannu a hankali, direba yana jin sa a kujera tun kafin ya yi nisa, ya kuma riƙe zamiyar da totur. Tazarar tayoyin gaba da na baya milimita 2,280 ce. Giya 4 ce da farko, ta koma 5 daga 1955.

Birki na ganga ne, manya, da fikafikan alminiyam a jiki don shan iska. Laifin birkin ganga sananne ne: yana yin zafi gangar ta buɗe ta nisanci takalmin birki, feda ta yi ta nutsewa, ƙarfin kamu ya ragu. Wata tawagar Ingila, ta Alfred Owen, ta sa wa tata 250F birkin faifai na Dunlop, Peter Collins ya ci wani tsere da ita a Silverstone a 1955, amma masana'antar Modena ta tsaya kan ganga har ƙarshe. A ganinmu wannan taurin kai ne da ƙarancin kuɗi suka haɗu.

Wurin zaman direba ba shi da ɗamara ba shi da ƙarfen kariya a sama. Mutum yana zaune a miƙe, ƙafafu a buɗe, farfela tana juyawa ƙarƙashinsa, babban sitiyari mai bakin katako a gabansa, sandar giya a hannun dama, bututun hayaƙi yana bin gefen hagu dab da gwiwar hannu. Fedoji kuma a tsarin Italiya na lokacin: kuloci a hagu, totur a tsakiya, birki a dama. Moss ya ƙi yarda da wannan, ya sa aka mayar masa da totur dama, don tsoron kada ƙafa ta bi sabo a lokacin firgici.

Abin da ya riƙa lalacewa

Tserenta na farko, a Buenos Aires cikin Janairun 1954, Fangio ya ci. Ya sake ci a Spa ta Beljiyam a watan Yuni, sannan ya koma Mercedes da motarsu ta kammala. Bayan tafiyarsa ne matsalolin suka fito fili, kuma mafi yawansu na bakin mai ne. Injin ba ya ajiye bakin mai a ƙasansa, famfo ɗaya ke kwashe shi zuwa tanki na daban, wani ya turo shi. A motocin farko tankin yana gaba kusa da injin, inda zafi ke dafa shi har ya yi kumfa. Mai mai kumfa rabinsa iska ne, ba ya riƙe matsi, sai beyarin ɗin karanshaf ya ci kansa. Ga kuma girgizar injin da ke tsaga bututan mai a mahaɗarsu. Moss yana kan gaba a Monza a 1954 bakin mai ya zube masa, ƙarshe da hannu ya tura motar ta tsallake layi. Maganin da aka yi shi ne mayar da tankin can jela inda iska ke busa shi, aka kuma sake tsarin bututan.

A shekarar ne kuma motar ta ci ran farko. Onofre Marimón, ɗan Ajantina da Fangio ke ɗauka kamar ƙane, ya mutu cikin 250F a lokacin gwaji a Nürburgring ɗin nan, ranar 31 ga Yuli, 1954.

A 1956 Moss ya ci Monako da Monza da motar kamfani. Ta Monza an karkata injinta kaɗan don farfela ta bi ta gefen direba, kujera ta sauka ƙasa, motar ta rage tsawo. A wannan tseren mai ya ƙare masa kafin rumfa, Luigi Piotti ya zo da tasa 250F ya dafa hancinta a jelar ta Moss ya turo shi har wurin makanikai. Don kakar 1957 Alfieri ya ƙera sababbi uku, masu lambar shasi 2527, 2528 da 2529, da firam na siraran bututu masu yawa, bodi siriri mai dogon hanci, da birki mai faɗi. Nauyinsu ba mai ba direba ya sauka zuwa kimanin kilo 630. An kuma gwada injin silinda 12 mai ƙarfin doki sama da 300, amma ƙarfinsa yana can saman juyi ne, a ƙasa ba ya ja, Fangio ya gwada shi a Monako ya koma kan mai silinda 6. Mai lambar shasi 2529 ce ta je Nürburgring da shi.

Direban

An haifi Fangio a garin Balcarce ranar 24 ga Yuni, 1911, iyayensa 'yan asalin Italiya. Tun yana yaro ya bar makaranta ya shiga gareji koyon kanikanci, kuma wannan ya bi shi har tsufa: kunnensa yana jin ciwon inji kafin allurar awo ta nuna. Ya yi suna ne a tseren dogon zango na Kudancin Amurka cikin Chevrolet, inda direba ke gyara motarsa da kansa a bakin hanya. A 1940 ya ci tseren Buenos Aires zuwa Lima da dawowa, kusan kilomita 10,000 ta kan duwatsun Andes. A 1948 motarsa ta kife a Peru, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya mutu. Sai da ya kusa shekara 40 ya zauna a tseren Turai sosai. Ya ɗauki kambin duniya da Alfa Romeo a 1951, ya karya wuya a Monza a 1952 bayan ya kwana yana tuƙi don ya riski tseren, ya dawo ya ɗauka a 1954 da 1955 da 1956. Zamansa da Enzo Ferrari a 1956 bai yi daɗi ba, shi ya sa ya koma Maserati.

Abin da ya shafi nazarinmu a nan shi ne Fangio ba mai ɓarnar mota ba ne. Al'adarsa ita ce ya ci tsere da mafi ƙarancin gudun da zai isa. Kafin Jamus ya riga ya ci Ajantina da Monako da Faransa a 1957, injinsa ya mutu a Aintree ta Ingila. Mutumin da ya saba barin rara a aljihu shi ne zai iya fito da ita ranar da aka matsa shi.

Lissafin rabin tanki

Nürburgring na wancan lokaci kilomita 22.81 ne zagaye ɗaya, cikin tsaunukan Eifel, da kwanoni sama da 170 da hawa da gangara na kimanin mita 300. Gefen titi shinge ne na itatuwa da ramuka. Zagaye 22 ya tashi kilomita 501.8, wato awa uku da rabi a kan kujera. A 1956 Fangio ya kafa tarihin zagaye mafi sauri da minti 9 da daƙiƙa 41.6. A 1957 an sabunta kwaltar wasu sassa, a gwaji ya yi 9:25.6, ya samu tashi daga gaba.

A wannan gwajin ne aka ga tayoyin Pirelli na baya ba za su kai kilomita 500 ba a irin gudun da yake yi. Ferrari kuwa da tayoyin Englebert masu tauri za su iya zarcewa ba tsayawa. Tun da tsayawa ta zama dole, Fangio da babban makanikin Maserati, Guerino Bertocchi, suka yanke shawarar a ci ribarta: a tashi da rabin tanki. Lita 100 ta wannan cakudar ta kai kilo 80, fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin motar, kuma duk a jela yake, a wurin da ya fi kowane lahani. Cikakken tanki yana danne tayoyin baya, yana ƙara musu ci, yana kuma jan jela waje a kwana kamar kaya a bayan amalanke. Da rabin tanki motar tana tashi da sauri, birki yana shan wahala kaɗan, kuma halinta ba ya sauyawa sosai daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Sharaɗin ɗaya ne: sai ya tara ratar daƙiƙa 30 cikin zagaye 12, wato daƙiƙa biyu da rabi a kowane zagaye, makanikai kuma su gama cikin daƙiƙa 30.

Rabin farko ya tafi yadda aka tsara. Hawthorn da Collins suka riga shi tashi, ya bar su zagaye biyu, a na 3 ya wuce su duka, ya yi ta karya tarihin zagaye yana ƙara nisa. Motocin Vanwall na Ingila, waɗanda suka ci Aintree makonni biyu kafin nan, sifirin ɗinsu ya yi tauri ga gargadar filin, ba su shiga lissafi ba.

Rabi na biyu ne ya karye a hannun makanikai. Tayar 250F mai wayoyi ce ta Borrani, noti ɗaya ne babba mai kunnuwa ke riƙe ta a tsakiya. Ana bugun kunnen da guduma mai taushin kai ya kwance, a zare tayar daga haƙoran cibiya, a zura sabuwa, a mayar da notin a buga. Aiki ne na 'yan daƙiƙoƙi muddin notin yana inda hannu zai kai. Da ya gangara ƙarƙashin mota, komai ya tsaya cak. Fangio yana tsaye a gefe yana canza tabarau yana kallon Ferrari biyu suna wucewa.

Abin da aka fi ruwaitowa shi ne Bertocchi ya ce masa ya tafi a hankali zagaye ɗaya ko biyu, kuma ko ba a faɗa ba sababbin tayoyi da nauyin mai za su sa haka. Rumfar Ferrari, ƙarƙashin Romolo Tavoni, ta ga rata ba ta raguwa, sai ta ɗaga wa direbobinta allon su kwantar da hankali. Nan ne tsawon filin ya yi wa Fangio aiki. Babu rediyo a mota. Allo kawai ake ɗagawa idan direba ya zo wucewa, sau ɗaya a kowane minti tara da rabi. In Fangio ya fara matsawa da zarar ya bar gaban rumfa, masu agogo ba za su sani ba sai ya dawo, a lokacin kuma Hawthorn da Collins sun riga sun wuce, sai sun sake zagayowa kafin su ga gargaɗi. Kusan minti 20 ke nan yana cin ratarsu su ba su da labari. A filin da zagayensa minti biyu ne, wannan dabara ba za ta yi tasiri ba.

Yadda ya samo gudun shi da kansa ya bayyana daga baya: ya riƙa shiga kwanoni da giya ɗaya sama da wadda ya saba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babbar giya tana rage ƙarfin da ke isa taya, saboda haka siraran tayoyin baya ba sa juyawa a banza wajen fita, canjin giya ma ya ragu. Amma injin 250F sai juyinsa yana sama yake ja, don haka dole a shiga kwanar da gudun da zai riƙe juyin, injin kuma ba zai taimaka wajen rage gudu ba kamar a ƙaramar giya. Duk kuskuren da aka yi babu inda za a gyara shi. Motar da bayanta ke fizgewa ba gargaɗi ba za ta yarda da wannan tuƙi ba ko na zagaye ɗaya. Ya kuma ba da labarin wata 'yar lanƙwasa a kan tudu a doguwar miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshen zagaye, inda ya saba ɗaga ƙafa kaɗan. Ranar bai ɗaga ba. Motar ta tashi sama ta sauka dab da bakin titi, ya ga ƙura a madubi.

Agogo ya nuna sakamakon. Zagaye na 19 ya yi 9:23.4. Na 20 ya yi 9:17.4, matsakaicin gudun kilomita 147.3 a awa, daƙiƙa 8.2 ƙasa da abin da ya yi a gwaji, daƙiƙa 24.2 ƙasa da tarihinsa na bara. Da suka wuce gaban rumfa Ferrari biyu suna gabansa da 'yan tsayin mota. A farkon zagaye na 21 ya wuce Collins, Collins ya ƙwace, ya sake wuce shi da tayoyi biyu a bakin ciyawa, tsakuwa ta fasa wa Collins tabarau. Kafin a kai rabin zagayen ya wuce Hawthorn. Kujerarsa ta riga ta saki, da gwiwoyi ya riƙa tokare jikinsa a jikin bodi. Hawthorn bai sallama ba, ya bi shi har layi. Fangio ya gama cikin awa 3 da minti 30 da daƙiƙa 38.3, Collins ya zo na uku da tazarar fiye da rabin minti, Luigi Musso na Ferrari na huɗu, Moss da Vanwall na biyar.

In za a yi adalci, shirin rabin tanki bai yi nasara yadda aka rubuta shi ba. Ratar da aka tara ta tafi a ƙarƙashin mota tare da notin. Abin da ya rage na shirin shi ne a zagaye takwas na ƙarshe Fangio yana kan sababbin tayoyi, su kuwa suna kan waɗanda suka ci kilomita 300 da ɗoriya. Ferrari kuma ta yi nata kuskuren na sassauta wa direbobinta da wuri. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, daƙiƙa 3.6 ta koma wancan ɓangaren. Fangio ya ce bai taɓa tuƙi haka ba kuma ba ya jin zai sake, ya ce ya yi kwana biyu barci bai ɗauke shi ba. Nasararsa ta 24 ke nan cikin tsere 51 na gasar duniya, kuma ita ce ta ƙarshe. Da ita ya kulle kambi na biyar saura tsere biyu a gama kaka, tarihin da ya tsaya har Michael Schumacher ya ɗauki na shida a 2003.

Bayan nan

Abubuwa sun zube da sauri. Moss da Vanwall suka ci Pescara da Monza, Fangio na biyu a duka. Kuɗin Orsi sun maƙale a Ajantina bayan faɗuwar gwamnatin shugaban ƙasar, Perón, a 1955, manyan motocin tseren Maserati kuma suka lalace a wani tsere a Caracas ta Benezuwela a watan Nuwamba, kamfanin ya janye tawagarsa a ƙarshen 1957. A 1958 aka hana metanol aka koma man jirgin sama, aka kuma rage tsawon tsere zuwa kimanin kilomita 300. Ƙaramar mota mai ƙaramin tanki ta samu hanya. A Buenos Aires cikin Janairu, Moss ya ci da Cooper mai injin ƙasa da lita 2 a bayan direba, ba tare da ya tsaya canza taya ba. Fangio da 250F na huɗu.

A watan Fabrairu 'yan tawayen Fidel Castro suka ɗauke shi daga otal a Havana ta Kuba, suka sake shi bayan an gama tseren da ya je yi. Tserensa na ƙarshe a Reims ta Faransa ne ranar 6 ga Yuli, 1958, cikin gajeriyar 250F da ake kira Piccolo. Fedar kuloci ta karye, ya ci gaba da canza giya da kunne, ya zo na huɗu. Hawthorn da ke kan gaba ya riske shi dab da layi, ya ɗaga ƙafa don kada ya zagaye shi. Musso ya mutu a tseren, Collins ya mutu a Nürburgring bayan wata guda. Samfurin 250F kuwa ya ci gaba a hannun masu zaman kansu. Da 250F Maria Teresa de Filippis ta zama mace ta farko da ta shiga tseren gasar duniya, ta zo ta 10 a Spa a 1958. Bob Drake ya tuƙa ta a Riverside ta Amurka a Nuwamban 1960, tsere na ƙarshe na dokar lita 2.5, wato 250F ta ga farkon dokar ta ga ƙarshenta. Fangio ya rasu a Buenos Aires ranar 17 ga Yuli, 1995.

Yawan da aka fi ambata na motocin 250F da aka ƙera shi ne 26, amma lambar shasi kaɗai ba ta tabbatar da ko wace ce. Masana'antar tana cire farantin lamba daga wata ta liƙa wa wata don ta dace da takardun kwastan da ke hannu ranar tafiya, motar da ta yi haɗari kuma akan yi mata sabon firam ta ci gaba da tsohuwar lamba. Daga baya wani ɗan Ingila, Cameron Millar, ya sayi tarin kayan gyara na asali ya haɗa wasu da su, ya ba su lamba mai farawa da CM. Mai son tantance mota yana duba kaurin bututan firam da yadda aka jera su, da salon walda, da wurin tankin bakin mai, da layin kusoshin tankin jela, ya gwada su da hotunan tseren da ake cewa ta yi.

Waɗanda ke fita da su tseren tsofaffin motoci a yau suna bin tsarin da Bertocchi zai gane. Ba a tayar da ita da makulli, turawa ake yi ko a kawo na'urar tayarwa daga waje. Ana ɗumama bakin mai tukuna, a tayar da injin da fulogi masu riƙe zafi don kada mai ya jiƙa su, in ya yi ɗumi a cire duka 12 a sa na tsere. Ana duba wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, a duba gangar birki ko ta tsage a gindin fikafikai. Bayan an gama kuma ba a barin metanol ya kwana a ciki, domin yana jan ruwa daga iska yana cin alminiyam da roba. Ana zuƙe tanki, a tayar da injin da fetur na 'yan mintoci har ya wanke famfo da kabureta uku, sannan a rufe ta.